GARIN IRIN NAMAN KAZA NA GANODERMA DA CIWON DAJI: AMSAR TAMBAYA DAGA KEKUN WAJE



 Yau darasin hulba muka so mu ci gaba da shi, sai ga saƙo daga wani bawan Allah, magidanci a Kekun Waje cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda muka ga bai kamata ya kwana ba. Mun nemi izininsa, mun cire sunansa. Ga abin da ya ce:

"Malam, mai ɗakina ta ad da ƙullutu ga nono, yau wata huɗu. Mun tai asibiti Gusau, likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama an auna. Ita ko tsoro takai, wai in anka taɓa shi da ƙarhe yaɗuwa shikai. Sai wani abokina ya kawo muna wani gari cikin kafso, wai irin naman kaza na na Caina, shina kashe daji, kuma wai har hadisi ya zo da shi. Na saida buhu biyu na masara na sai kwalba guda. In ƙara saye ko in maishe ta asibiti?"

Ɗan uwa, amsarka a gajarce: ka maida ta asibiti cikin satin nan, a yi awon. Kada ka sake taɓa rumbunka saboda wannan kwalba. Ga bayani, don kada ya zama umarni kawai ba hujja. Darasin yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a tura wa wani.

*WANE IRIN NAMAN KAZA NE WANNAN?*

Sunansa a wurin masana Ganoderma. Mutanen ƙasar Sin suna ce masa Lingzhi, mutanen Japan kuma Reishi, kuma da waɗannan sunaye uku ne za ka gan shi a jikin kwalabe, da ganyen shayi, da kofi, har da sabulu da man goge baki. Ba irin naman kazan nan mai laushi da ke tsirowa a juji ko kan suri da damina ba ne. Shi a jikin kututturen itace yake fitowa, ya bazu kamar faifai, samansa ja mai sheƙi kamar an shafa masa mai, ga tauri kamar katako, ga ɗaci. Ba a miya da shi. Duk wanda ke shiga daji da damina ya taɓa ganin danginsa manne a gindin mataccen itace, don muna da su a ƙasar nan.

Mutanen Sin sun daɗe da shi a littattafan maganinsu, kusan shekara dubu biyu. Da can wahalar samu gare shi, sai sarakuna da attajirai. Daga wajen shekarun 1970 aka gano yadda ake noma shi a kan gungume da ɗusar katako, shi ne ya yi arha, kamfanoni suka shigo, har ya iso kasuwannin Gusau da Kano.

Abin da aka sayar wa ɗan uwanmu ba naman kazan kansa ba ne, irinsa ne. Naman kaza ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Idan ya nuna, sai ya riƙa feso wata ƙura mai laushi daga ƙasansa, launinta kamar garin koko, ita ce irin da iska ke ɗauka. Kowace ƙwaya ɗaya tsawonta kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Masu noma suna rufe shi da takarda ko leda su tara wannan ƙura. Ƙwayar tana da ɓawo rufi biyu mai tauri wanda cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa sosai, don haka ake niƙa ta da inji a fasa ɓawon, wasu kuma su tatsi mai daga ciki su zuba a kafso mai laushi. Wahalar tarawa da fasawar nan ce ta sa ya fi sauran tsada. Tsadar ta aiki ce, ba shaidar ƙarfin magani ba ce.

A cikinsa akwai manyan sinadarai iri biyu da masana ke magana a kai. Na farko dangin sukari ne mai dogon zare, wanda ake ganin yana zaburar da garkuwar jiki. Na biyu su ne masu ɗacin, waɗanda masu bincike a Japan suka fara warewa a shekarar 1982. Waɗannan masu ɗacin ne aka fi gwadawa a kan ƙwayoyin daji.

*MAGANAR HADISI*

Wannan ita ce ta fi damuna a cikin saƙon, don haka bari mu fara kawar da ita.

Hadisin da mai tallan ke nufi ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Sa'idu ɗan Zaidu, Allah Ya ƙara masa yarda. Ma'anarsa ita ce wani abu da Larabawa ke kira Kam'a yana daga cikin Mannu, kuma ruwansa waraka ne ga ido. To mene ne Kam'a? Wani tsiro ne na hamada da ke yin ƙwai a ƙarƙashin ƙasa kamar dankali, ba ganye ba saiwa, yana fitowa bayan ruwan sama a ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka. Ana tono shi a gasa ko a dafa a ci. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kansa a cikin Zadul Ma'ad, har ya kawo saɓanin malamai kan yadda ake amfani da ruwan nasa a ido.

Ka ga ke nan: Kam'a a cikin ƙasa take, Ganoderma a jikin itace. Kam'a abinci ce, Ganoderma ba ya tauno. Hadisin kuma ido ya ambata, bai ambaci daji ba. Masana sun sa su a babban gida ɗaya, gaskiya ne, amma ai akuya da raƙumi ma duk dabbobi ne, ba wanda zai sayar maka da akuya ya ce raƙumi ce. Jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba don a sayar da kaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wataƙila abokin naka shi ma haka aka gaya masa. Ka yi masa nasiha da taushi.

*"YANA HANA TSATSAR JIKI"*

Wannan ita ce kalmar da ke sayar da kayan, wadda masu talla ke kira antiyoksidan. Bari mu fassara ta da abin da muka sani.

Ka ɓare goro ka ajiye, jim kaɗan fuskarsa ta yi ja ta dafe. Ka bar fartanya a waje damina guda, ta yi tsatsa. Man gyaɗa in ya daɗe a buɗe, ya canza wari. Duk aikin iska ne. Irin wannan yana faruwa a cikin jikinmu kullum: yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, wasu 'yan tartsatsi na fita, suna iya lalata ƙwayoyin halitta in sun yi yawa. Hayaƙin taba da na itacen girki suna ƙara su. Allah cikin hikimarSa Ya sanya wa jiki nasa masu kashe wannan tartsatsi, sannan Ya zuba wasu a cikin abinci.

Garin irin Ganoderma yana da wannan siffa? E, yana da ita, an auna. Amma ku ji yadda ake awon. Mafi yawa ana zuba wani ruwa mai launin shuni a kwalbar gwaji, a ɗiga abin da ake son aunawa, in launin ya koɗe ya koma rawaya sai a ce yana hana tsatsa. To wallahi zoɓo yana cin wannan jarrabawa. Zogale yana ci. Garin kuka, tsamiya, ganyen shayi, albasa, citta, duk suna ci. Abin da ke cikin madafar matarka ya isa, ba sai an je ƙasar Sin ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa jadawalin abinci bisa irin wannan awo, a 2012 ta janye shi gaba ɗaya, saboda 'yan kasuwa sun maida shi abin talla alhali ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Sannan ga inda mutane da yawa ba su sani ba. An taɓa zaton in aka ɗura wa mutum masu hana tsatsa da yawa, daji ba zai kama shi ba. Sai aka gwada da gaske. A ƙasar Finlan an ɗauki maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasu ƙwayar sinadarin nan da ke sa karas ya yi ja, aka hana wasu. Sakamako ya fito a 1994: waɗanda suka sha sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. Aka yi makamancinsa a Amurka da mutum sama da 18,000, dole aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa, don abin da aka gani ya fi na Finlan muni. Wani gwajin da aka yi da bitamin E a kan maza sama da 35,000, rahoton 2011 ya nuna dajin furostet, wanda mutane ke kira dajin mafitsarar maza, ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a wurin masu sha.

Ba cewa muka yi karas ko ganye na kawo daji ba, a'a, a ci su sosai. Magana ce ta tattara abu a kafso a sha da yawa. Kuma ga wanda ya riga ya fara magani akwai ƙarin abin lura: gashin na'ura da ake yi wa mai daji, da wasu alluran kemo, da irin wannan tartsatsin suke ƙona ƙwayoyin cutar. Shi ya sa likitocin daji da yawa ba sa son majiyyaci ya riƙa shan masu hana tsatsa da yawa a lokacin magani, kada a je ana kare ɓarawo da garkuwar mai gida.

Saboda haka in an ce maka abu yana hana tsatsa, an faɗi gaskiya. In aka ɗora da cewa don haka yana maganin daji, nan aka yi tsalle.

*TO, YANA KASHE DAJI KO BA YA KASHEWA?*

Kowane magani matakai uku yake bi: faranti, ɓera, sannan mutum.

A faranti, wato ƙwayoyin daji da aka raina a ɗakin gwaji, an ga ruwan Ganoderma da man irinsa suna hana ƙwayoyin dajin nono da na furostet da na hanji yaɗuwa, wasu ma suna mutuwa. Rahotanni kan wannan suna da yawa, kuma su ne ake ɗauko hotunansu a nuna maka a waya. Sai dai a faranti ko ruwan gishiri mai kauri yana kashe ƙwayar daji. Faranti ba shi da ciki da zai narkar da maganin, ba shi da hanta da za ta tace shi, ba shi da ƙoda da za ta fitar da shi.

A ɓeraye ma an ga ƙari yana rage girma a wasu gwaje-gwaje. Ko nan gida an yi aiki a kansa: a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an gwada ruwansa kan sukarin jinin ɓeraye, aka wallafa a 2007, masana lafiyar dabbobi a Vom da Maiduguri kuma sun gwada na dajin ƙasar nan a kan kaji da ɓeraye. Aiki ne mai kyau, Allah Ya ƙara musu basira. Amma a cikin magungunan daji da suka ci jarrabawar ɓera aka fara gwada su a kan mutane, ko ɗaya cikin goma ba ya kaiwa ga a amince da shi.

To a mutum fa? Akwai wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna Cochrane, aikinta tattara duk gwaje-gwajen da aka yi kan magani ta tace. Ta duba Ganoderma da ciwon daji a 2012, ta sake dubawa a 2016. Gwaji biyar kacal ta samu da suka cancanci dubawa, jimillar majiyyata 373, kuma ta ce ingancinsu bai gamsar ba. Abin da ta gani: waɗanda aka haɗa musu shi tare da kemo ko gashi sun ɗan fi nuna alamun karɓar magani, wasu ƙwayoyin garkuwar jikinsu sun ɗan ƙaru, sun ɗan fi jin daɗin jikinsu. Shi kaɗai ba tare da maganin asibiti ba bai nuna yana rage ƙari ba. Kuma babu hujjar cewa ya ƙara wa kowa tsawon kwana. Hukuncinta shi ne ba a kafa shi a matsayin maganin farko.

Shi kuwa garin irin, wanda shi ne tambayarmu, gwajin da aka fi ambata an yi shi ne a birnin Harbin na ƙasar Sin, aka wallafa a 2012. Mata 48 masu dajin nono, duk suna kan maganin asibiti, aka ba wasu garin na tsawon sati huɗu. Waɗanda suka sha sun ce kasala ta ragu, sun fi samun natsuwa. Kasala aka auna, ba girman ƙari ba. Mutum 48, sati huɗu.

Iyakar abin da za mu iya faɗa ke nan da gaskiya: mai yiwuwa ya ɗan rage gajiya ga wadda ke kan magani. Wannan ba abin rainawa ba ne, duk wanda ya yi jinyar mai shan kemo ya san abin da kasala ke yi. Amma tsakanin rage kasala da kashe daji akwai tafiya mai nisa.

Kada wani ya ce asibiti na ƙin itatuwa ne. Furen nan mai launin ruwan hoda ko fari da ake shukawa a gaban ofisoshi da gidaje, ɗan asalin Madagaska, daga jikinsa aka ciro allurar Vincristine da ake yi wa yara masu dajin jini tun shekarun 1960. Allurar Paclitaxel da ake yi wa masu dajin nono daga ɓawon wani itace aka fara samo ta. Ko a dangin naman kaza, ƙasar Japan ta amince da wani sinadari daga wani nau'in a 1977, da wani daga wani nau'in a 1985, a matsayin mataimaka tare da kemo. Duk sun bi layi ne, an auna adadinsu, an san illarsu. Garin irin Ganoderma bai gama bin wannan layin ba.

*ILLOLI, DA ABIN DA KE CIKIN KWALBAR*

Mafi yawan masu sha ba sa ganin komai sai ɗan tashin zuciya, bushewar baki, ƙaiƙayi, ko rashin barci. Amma akwai waɗanda ya kamata su yi nesa da shi.

Yana iya rage daskarewar jini. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin su Warfarin ko Asfirin, da wadda za a yi wa tiyata ko a ɗebi nama a jikinta, kada su sha. Ɗan uwa na Kekun Waje, wannan ya shafe ka kai tsaye: a dakatar da shi yanzu, kuma a gaya wa likita ta sha, a tafi da kwalbar a nuna masa. Kada ku ɓoye don kunya.

Yana iya sauko da hawan jini da sukari, don haka mai shan maganin waɗannan yana iya jin jiri. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi.

Hanta ma akwai magana. Likitoci a Hong Kong sun ba da rahoton wadda hantarta ta kumbura bayan shan garinsa a 2004, a Tailan kuma aka ba da rahoton mutuwa a 2007. Ba abu ne mai yawan faruwa ba, amma a yankinmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma da yawa ba su san suna da shi ba, ba abin wasa ba ne.

Wani abin mamaki da ya keɓanta da garin irin: likitoci a ƙasar Sin sun ga yana ɗaga wani awon jini da ake bibiyar dajin ciki da hanji da shi, mai suna CA72-4. Sai a zaci cuta ta dawo, hankali ya tashi, da aka daina shan garin sai awon ya sauka.

Sannan wa ya tabbatar maka abin da ke cikin kafson? A 2017 masu bincike sun sayi kayan Ganoderma 19 a kasuwar Amurka suka auna, biyar kawai suka dace da abin da aka rubuta a jikinsu. In haka ta faru a can, ina ga kwalbar da ta yi wata da watanni a cikin jakar mai talla a zafin Gusau? Man da ke cikin fasasshen iri yana lalacewa da zafi, kamar man gyaɗan da muka yi misali da shi.

Lambar NAFDAC da ake nuna maka, in ta gaske ce, ga irin waɗannan kaya shaida ce cewa an duba ba a ga cutarwa a fili ba. Ba shaidar yana warkarwa ba ce. Duba jikin kwalin da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Dokar ƙasa ma ta hana a tallata wa jama'a abu da sunan maganin daji.

Ta fuskar halacci: naman kaza a kansa halal ne muddin ba mai guba ba ne. Abin dubawa shi ne ɓawon kafson, musamman mai laushin nan na mai, don ana yin wasu da sinadarin da aka dafo daga fata da ƙashin dabba, wani lokaci na alade. Na ruwa kuma wasu da barasa ake tatso su. A nemi shaidar halal. Haka nan da yawa ana sayar da su ne ta tsarin nan na ka kawo mutum ya kawo mutum, wanda kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta a fatawarsa ta shekarar 1425 bayan Hijira. Wannan darasi ne na daban, amma yana nuna maka dalilin da ya sa mai kawo maka kaya ba ya son ka tsaya a kwalba ɗaya.

Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya shiga daji ya ɓamɓaro na jikin itace ya dafa wa iyalinsa. Nau'o'in suna kama da juna, kuma naman kaza yana zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu guba daga inda ya tsiro. Mu mutanen Zamfara ba sai an ba mu labarin dalma ba, mun ga abin da ya faru da ɗaruruwan yara a Bagega da Dareta da 'Yargalma a 2010.

*ABIN DA YA KAMATA A YI*

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kira mutum biyu daga Banu Anmar, sai ya tambaye su wanne ne ya fi sanin magani a cikinsu. Malamai suka ce a nan akwai koyarwar neman wanda ya fi ƙwarewa. Abu Dawuda da wasunsa kuma sun ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da saninsa ba, shi ke ɗaukar alhakin abin da ya ɓata. Masu sayar da kafso su ji, mu ma masu ba da shawarar zuma da habbatus sauda mu ji. Ni ba ni da abin da zan gane ƙullutun nono da shi, daji ne ko ba daji ba. Na'urar asibiti ce ke ganewa.

Ka gaya wa mai ɗakinka abu biyu. Na ɗaya, da yawa daga cikin ƙullutun nono ba daji ba ne, kuma awon ne kaɗai zai kwantar mata da hankali. Na biyu, maganar cewa ƙarfe na yaɗa shi ba haka take ba. Abin da ya jawo wannan zato shi ne mutanenmu ba sa zuwa sai cuta ta ci jiki, a yi aiki, bayan wata biyu a rasa mutum, sai a ce wuƙa ce. Jinkirin ne, ba wuƙar ba. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta nuna sabbin masu daji a Najeriya sun kai kusan 128,000 a shekara, dajin nono ne kan gaba da sama da 32,000. Wanda aka kama da wuri, mafi yawa ana samun sauƙinsa da izinin Allah. Wata huɗu sun riga sun tafi.

A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In abin ya kai ga gashi, ana tura mutane asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Shika a Zariya. Akwai asusun tallafi na gwamnatin tarayya ga marasa ƙarfi masu dajin nono, na bakin mahaifa da na furostet, wanda aka fara a 2021, kuma Shika na cikin asibitocin farko da aka sa a ciki. Ka tambayi ofishin jin daɗin majiyyata yadda ake shiga. Akwai kuma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, 'yar asalin jihar nan, wadda ta daɗe tana aikin awon mata da wayar da kai. Na san hanya ba lafiya, na san kuɗin mota ya yi tsada. Shi ya sa nake cewa buhun masara na gaba ya tafi ga mota da awo.

Tunda an ambaci masara, bari in yi wani ɗan tsokaci ga manoma. Akwai ɗan uwan naman kaza da ke da alaƙa tabbatacciya da daji, kuma a cikin rumbunanmu yake: funfunar nan mai launin kore da rawaya da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Tana fitar da guba mai suna Afulatoksin, wadda aka tabbatar tana kawo dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa sosai ga mai ciwon hanta nau'in B. Dafuwa ba ta kashe ta. A shanya amfani a kan tabarma ko leda ba a ƙasa ba, a bari ya bushe ƙarau, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada a ce a yi ƙuliƙuli da su ko a ba yara. A kai jarirai rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta, wanda ya iso Zamfara a 2024.

Sauran kafson da ke hannunka, ka ajiye shi a inuwa. In an gama awo, in ta tabbata akwai abin da za a yi wa magani, ka nuna wa likitan da ke duba ta, shi zai ce a sha ko a bari. A ci gaba da addu'a da ruƙya da sadaka, a ba ta abinci mai kyau, wake da ganye da kifi da ƙwai gwargwadon hali, kai kuma ka raka ta da ƙafarka ranar awon, kada ka tura ta da ƙanwarta kawai.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa ba abin da ake tsoro ba ne. 'Yan uwa a sa su a addu'a. Ɗan uwa, in sakamako ya fito ka sanar da mu.

Darasin hulba sai ranar Alhamis in sha Allahu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.